Wa Ke da Ikon Tsoma Baki Idan Gwamnati Ta Juya Kan Mutanenta?

Ranar 15 ga watan Yunin 2015, alƙalan babbar kotu a Pretoria suna zaune suna sauraron muhawara a kan ko wajibi ne gwamnatin Afirka ta Kudu ta kama baƙonta, Shugaba Omar al-Bashir na Sudan, wanda ya zo taron ƙolin Tarayyar Afirka a Johannesburg. Kwana ɗaya kafin nan kotun ta ba da umarnin kada a bar shi ya fita daga ƙasar. Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya da ke Hague ta fitar da sammacin kama shi tun 2009 saboda abin da ya faru a Darfur, ta ƙara wani a 2010 wanda ya haɗa da tuhumar kisan ƙare-dangi. Afirka ta Kudu kuwa mamba ce a wannan kotu, har ta mayar da yarjejeniyar dokar cikin gida. Alƙalai suka gama nazari suka ce a kama shi. Sai lauyan gwamnati ya miƙe ya shaida musu cewa ai jirgin Bashir ya riga ya tashi daga sansanin sojin sama na Waterkloof.

Abin da ya sa na fara da wannan labari shi ne, a ranar kowane ɓangare yana riƙe da doka a hannu. Gwamnati ta ce shugaban ƙasa mai ci yana da rigar kariya, baƙon Tarayyar Afirka ne, kuma Sudan ba ta taɓa shiga kotun Hague ba. Masu ƙara suka ce Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ne da kansa ya miƙa batun Darfur ga kotun a 2005, kuma yarjejeniyar da ta kafa kotun ba ta san da wata rigar kariya ba, ko ta sarki ce. Tubala biyu ne na dokokin ƙasa da ƙasa suka yi karo: diyaucin ƙasa da haƙƙin ɗan'adam.

Diyauci, a taƙaice, shi ne ikon ƙasa ta tafiyar da al'amuranta a cikin iyakokinta ba tare da wani na sama da ita ba. Ita ke yin doka, ita ke karɓar haraji, ita ke ɗaurewa, ita ke saki. A kan jingina asalin wannan tunani da sulhun Westfaliya na 1648, wanda ya kawo ƙarshen yaƙin shekara talatin a Turai, ko da yake shi kansa wancan sulhun ya ɗaure hannun sarakuna ta wata fuska, domin ya tilasta musu su ƙyale wasu talakawansu su bi mazhabar da ba ta sarki ba. Kuma Turawan da suka girmama iyakokin junansu ba su ga sauran duniya da wannan ido ba. A taron Berlin na 1884 zuwa 1885 sun zauna sun tsara yadda za su mallaki Afirka ba tare da ɗan Afirka ko ɗaya a teburin ba. Duk wanda ya manta da wannan ba zai fahimci dalilin da ya sa ƙasashen Afirka da Asiya da Latin Amurka ke kaffa-kaffa da diyaucinsu ba. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura.

Kundin Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka rattaba wa hannu a San Francisco ranar 26 ga Yunin 1945, ya ɗauko abubuwan biyu ya zuba su a tukunya ɗaya. Sashe na 2 ya ce duk ƙasashe daidai suke a diyauci, ya haramta amfani da ƙarfi a kan wata ƙasa, sannan a sakin layi na 7 ya hana Majalisar kanta shiga abin da yake ainihin harkar cikin gidan wata ƙasa. Amma sashe na 1 da na 55 da na 56 sun sanya kare haƙƙin ɗan'adam cikin manufofin Majalisar, kuma kowace ƙasa ta yi alƙawarin ba da haɗin kai a kai. Kundin bai faɗi wanne ke gaba ba idan suka ci karo. Ƙofa ɗaya kawai ya bari a buɗe: idan Kwamitin Sulhu ya ga akwai barazana ga zaman lafiyar duniya, zai iya ɗaukar mataki a ƙarƙashin babi na bakwai, kuma hujjar "cikin gida" ba ta tare shi.

Shekara uku bayan haka, ranar 10 ga Disambar 1948, Babban Zauren Majalisar ya amince da Sanarwar Haƙƙin Ɗan'adam a Paris. Ƙasashe 48 suka goyi baya, takwas suka ƙaurace wa ƙuri'ar, cikinsu har da Tarayyar Sobiyat da Saudiyya da Afirka ta Kudu. Sanarwa ce kawai, ba ta ɗaure kowa ba, shi ya sa ma ta wuce cikin sauƙi. Da aka zo mayar da ita yarjejeniya mai haƙora, sai da aka kai 1966 kafin a kammala manyan yarjejeniyoyi biyu, ɗaya kan haƙƙoƙin siyasa da walwala, ɗaya kan haƙƙoƙin tattalin arziki da zamantakewa da al'adu, kuma ba su fara aiki ba sai 1976. Akwai wani abu da ba a cika lura da shi ba: sashe na farko a duka biyun magana yake kan 'yancin kowace al'umma ta zaɓa wa kanta makoma. Ƙasashen da suka fito daga mulkin mallaka ne suka dage a kan haka. A wurinsu, diyauci shi ma haƙƙin ɗan'adam ne, wanda aka samu da jini.

Alƙawari kaya ne

To ta yaya ƙasa mai cikakken iko za ta zama abin tuhuma a kan yadda take tafiyar da mutanenta? Amsar lauyoyi ta farko ita ce: ita ta yarda.

Wannan amsa ta girmi Majalisar Ɗinkin Duniya. A 1921 wani jirgin ruwa mai suna Wimbledon ya ɗauko makamai zai kai wa Poland, Jamus ta hana shi ratsa mashigin Kiel, ta ce ita 'yar ba-ruwana ce a yaƙin Poland da Rasha, kuma mashigin a ƙasarta yake. Aka kai ƙara kotun duniya ta wancan zamani. A 1923 kotun ta ce Jamus ta sanya hannu a yarjejeniyar Versailles da ta ce mashigin ya kasance a buɗe, kuma ƙulla yarjejeniya ba zubar da diyauci ba ne, domin ikon ɗaukar alƙawari shi kansa ɗaya ne daga cikin alamomin diyauci. Bawa ba ya ƙulla ciniki da sunan kansa, ɗa ne ke yi. A wannan shekarar dai kotun ta sake cewa abin da ake kira harkar cikin gida ba shi da tsayayyen iyaka, yana raguwa ko ƙaruwa gwargwadon yadda dangantakar ƙasashe ta ci gaba.

Saboda haka ƙasar da ta amince da yarjejeniyar hana azabtarwa ta 1984, ranar da aka tambaye ta abin da ke faruwa a ɗakunan tsare mutane, ba ta da bakin cewa an yi mata shisshigi. Da hannunta ta fitar da wannan batu daga cikin ɗaka ta ajiye a tsakar gida. Yarjejeniyar Viyana ta 1969, wadda ta tsara dokar yarjejeniyoyi, ta ƙara toshe wata kafa: ba a kafa hujja da dokar cikin gida, ko da tsarin mulki ne, don guje wa alƙawarin da aka ɗauka a waje.

Sai dai wanda ya shiga da yardarsa yana da dabarun rage wa kansa nauyi. Ƙasa na iya amincewa da yarjejeniya amma ta togace wasu sassa, muddin togaciyar ba ta rushe manufar yarjejeniyar ba. Amurka ta shiga yarjejeniyar haƙƙoƙin siyasa a 1992 da jerin togaciya, ciki har da batun hukuncin kisa, kuma ita kaɗai ce mambar Majalisar da ba ta tabbatar da yarjejeniyar haƙƙin yara ba. Sin ta sanya hannu a ta haƙƙoƙin siyasa a 1998 amma ba ta tabbatar da ita ba. Ƙasashe da dama sun shiga yarjejeniyar hana nuna wa mata bambanci suka togace sassan da suka shafi aure da iyali. Haka kuma doka ta yarda a jingine wasu haƙƙoƙi lokacin dokar ta-ɓaci, amma ban da irin su haramcin azabtarwa da bautarwa da kisan gilla. Fita ma akan yi. Ruwanda da Tanzaniya da Benin da Kodebuwa duk sun janye izinin da suka ba talakawansu na kai su ƙara kai tsaye a Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan'adam, tsakanin 2016 da 2020, galibi da shari'o'i suka fara matsa musu. Koriya ta Arewa ce ta taɓa cin karo da bango: a 1997 ta ce ta fice daga yarjejeniyar haƙƙoƙin siyasa, aka ce mata wannan yarjejeniya ba ta da ƙofar fita.

Akwai kuma abubuwan da ba a jiran yardar kowa a kansu. Kisan ƙare-dangi, bautarwa, azabtarwa, wariyar launin fata: waɗannan sun kai matsayin dokokin da babu ƙasar da za ta ce ba ta ɗauka ba, kuma duk yarjejeniyar da ta saɓa musu ɓatacciya ce. A 1970 Kotun Duniya, wato kotun Majalisar Ɗinkin Duniya mai shari'a tsakanin ƙasashe, wadda daban take da ta manyan laifuka, ta bayyana cewa akwai wajibai da kowace ƙasa ke ɗauke da su ga duniya baki ɗaya, kowa kuma yana da ruwa da tsaki idan aka karya su. Shekaru da yawa wannan magana tana kwance a littafi kafin a ga ainihin amfaninta. A Nuwamban 2019 Gambiya, ƙaramar ƙasa a Yammacin Afirka da ke nesa da Miyanma da dubban kilomita, ta maka Miyanma a Kotun Duniya kan Musulmin Rohingya, waɗanda fiye da 700,000 daga cikinsu suka tsere zuwa Bangladesh tun daga Agustan 2017. Babu ɗan Gambiya ko ɗaya a cikin waɗanda aka kashe. Miyanma ta ce ina ruwan biri da gada, kotu ta ce duk ƙasar da ke cikin yarjejeniyar hana kisan ƙare-dangi ta 1948 tana da hurumin kawo ƙara. Ta wannan ƙofa Afirka ta Kudu ta bi a Disambar 2023 ta kai Isra'ila ƙara kan Gaza.

Afirka ta Kudun nan ita ce makarantar da duniya ta koyi wannan darasi a cikinta. Tun a zaman farko na Babban Zauren Majalisar a 1946, Indiya ta kawo kuka kan yadda ake wa 'yan asalinta a can. Gwamnatin farar fata ta ɗaga sashe na 2 sakin layi na 7, ta ce harkar cikin gida ce, kuma ta ci gaba da ɗaga shi shekara da shekaru. Sannu a hankali hujjar ta lalace a hannunta. A 1974 Babban Zauren ya hana wakilanta zama, a 1977 Kwamitin Sulhu ya ƙaƙaba mata takunkumin makamai na dole. Ƙasashen da suka fi kowa kishin diyauci, wato sabbin ƙasashen Afirka da Asiya, su ne suka jagoranci rushe katangar. Daga nan ya yi wuya wata gwamnati ta tsaya a gaban duniya ta ce yadda take yi da mutanenta ba ya shafar kowa.

Inda gizo ke saƙar

A ganina, wannan ɓangare na muhawarar an gama shi. Doka ta riga ta yanke cewa diyauci ba lasisin zalunci ba ne. Abin da ba a gama ba, kuma shi ke cin rayuka, shi ne wa zai tilasta, kuma da wane makami.

A nan doka ta yi tsauri. Hanya biyu kawai kundin Majalisar ya halatta amfani da ƙarfi: kare kai a ƙarƙashin sashe na 51, ko izinin Kwamitin Sulhu. Babu ta uku mai suna ceton bayin Allah. A shari'ar Nikaraguwa da Amurka a 1986, Kotun Duniya ta faɗa ƙarara cewa ko da Amurka na da damuwa kan haƙƙin ɗan'adam a Nikaraguwa, dasa nakiyoyi a tashoshin ruwa da ba 'yan tawaye makamai ba hanyar kare haƙƙi ba ce.

Dubi abin da wannan tsauri ya haifar. A ƙarshen 1978 Vietnam ta shiga Kambodiya ta kori gwamnatin Pol Pot, wadda ta hallaka mutanen da aka ƙiyasta sun haura miliyan ɗaya da rabi. Duniya ba ta yi mata godiya ba, kujerar Kambodiya a Majalisar ma ta ci gaba da zama a hannun ɓangaren Pol Pot da abokansa shekaru bayan haka. A 1979 sojojin Julius Nyerere na Tanzaniya suka kori Idi Amin daga Kampala. Shi Amin ɗin nan, a 1975, yana tsakiyar kashe-kashensa, aka ba shi shugabancin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, domin kundin ƙungiyar na 1963 ya haramta tsoma baki a harkar juna. Kuma abin lura, Tanzaniya da Vietnam duk sun fi kafa hujja da kare kai, don sun san ita ce hujjar da doka ta sani.

Sai 1994. Cikin kwana kusan ɗari aka kashe mutane wajen 800,000 a Ruwanda, akasarinsu Tutsi, da adduna da kulake, a coci-coci da makarantu da shingayen hanya. Akwai sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya a ƙasar a ƙarƙashin Janar Roméo Dallaire, wanda tun watan Janairu ya aika gargaɗi cewa ana tara makamai. Makonni biyu da fara kisan, ranar 21 ga Afrilu, Kwamitin Sulhu ya zauna ya rage rundunar zuwa mutum 270. Ba diyaucin Ruwanda ne ya ɗaure musu hannu ba, ikon suna da shi a babi na bakwai. Babu wanda ya ga abin da zai samu a can ne kawai. Shekara guda bayan haka aka yanka maza da samari kusan 8,000 a Srebrenica da ke Bosniya, garin da Majalisar da kanta ta kira tudun mun tsira.

Da rikicin Kosovo ya taso a 1999, ƙungiyar NATO ta san Rasha za ta hau kujerar na-ƙi, sai ta tsallake Kwamitin ta yi kwana 78 tana luguden wuta a Yugoslabiya. Wani kwamiti mai zaman kansa da ya yi nazari daga baya ya ce matakin ya saɓa wa doka amma yana da halasci. Wannan magana ta yi wa masu ƙarfi daɗi ƙwarai, domin su ne kaɗai ke iya saɓa wa doka su kwana lafiya.

Tsakanin kunyar Ruwanda da hatsarin Kosovo aka nemo mafita. Masanin nan ɗan Sudan, Francis Deng, ya riga ya kawo tunanin cewa diyauci amana ce a wuyan gwamnati kafin ya zama gata. Wani kwamiti da Kanada ta kafa, ƙarƙashin Gareth Evans na Ostireliya da Mohamed Sahnoun na Aljeriya, ya faɗaɗa shi a 2001, shugabannin duniya suka amince da shi a taron ƙoli na 2005 da sunan alhakin ba da kariya. Ma'anarsa: kowace ƙasa ce ke da nauyin kare mutanenta daga kisan ƙare-dangi, laifukan yaƙi, korar ƙabila, da manyan laifukan cin zarafin bil'adama, sauran ƙasashe su taimaka mata, idan ta gaza ƙiri-ƙiri, duniya ta ɗauki mataki. Amma ta hannun wa? Ta hannun Kwamitin Sulhu. Wato an zagaya an dawo gidan jiya, wurin ƙasashe biyar masu kujerar na-ƙi. Afirka ma ta riga kowa a takarda, domin kundin Tarayyar Afirka na 2000, a sashe na 4, ya ba ƙungiyar ikon shiga ƙasa mamba idan ana irin waɗannan laifuka. Da aka gwada a Burundi a Disambar 2015, aka shirya tura soja 5,000, gwamnatin Pierre Nkurunziza ta ce za ta ɗauke su 'yan mamaya, shugabanni suka haɗu a watan Janairu suka lashe amansu.

Libiya ce ta zama zakaran gwajin dafi. Ranar 17 ga Maris 2011 Kwamitin Sulhu ya zartar da ƙuduri mai lamba 1973, ya ba da izinin amfani da ƙarfi don kare fararen hula, musamman a Bengazi. Ƙasashe goma suka amince, cikinsu har da na Afirka uku da ke Kwamitin a lokacin. Rasha da Sin da Jamus da Indiya da Brazil suka ƙaurace. Jiragen NATO ba su tsaya a Bengazi ba, sai da gwamnatin ta faɗi aka kashe Gaddafi a watan Oktoba, ƙasar kuma ta dare gida-gida. Rasha da Sin suka ce an fake da guzuma an harbi karsana. Mutanen Siriya ne suka biya kuɗin wannan, domin daga nan Rasha ta yi ta hawa kujerar na-ƙi a kan batunsu, fiye da sau goma.

Ni dai ban ga laifin mai ɗari-ɗari da yaƙin da ake kira na jinƙai ba. Hitler ya ce Jamusawan Sudeten yake ceto a 1938. Da aka rasa makaman ƙare-dangi a Iraƙi bayan mamayar 2003, sai aka koma maganar zaluncin Saddam. Rasha ta ce kisan ƙare-dangi take hanawa a Donbas lokacin da ta afka wa Yukiren a 2022. Duk ƙa'idar da za ta ba kowace ƙasa damar kai hari idan ta ga ana zalunci, a aikace ƙasashe kaɗan ne za su yi amfani da ita, kuma a inda suka ga dama. Amma wanda ya tsaya nan ya ce a rufe ƙofa gaba ɗaya, sai ya je ya yi wa 'yan Ruwanda bayani.

Hanyar kotu

Hanyar da ta fi tafiya, duk da jan ƙafarta, ita ce ta bin mutum ɗaya-ɗaya. Tun shari'ar Nuremberg a 1945 da 1946 aka kafa cewa mutane ne ke aikata laifi, kuma jami'i ba zai ɓuya a bayan ƙasarsa ba. A Oktoban 1998 'yan sandan Birtaniya suka kama tsohon shugaban Chile, Augusto Pinochet, a wani asibiti a Landan bisa sammacin wani alƙalin Sifaniya. Kotun ƙolin Birtaniya ta wancan lokaci ta yanke a 1999 cewa azabtarwa ba ta cikin abin da rigar tsohon shugaba ke rufewa. An sake shi a 2000 bisa dalilin rashin lafiya, amma maganar ta riga ta fita. Diyauci ma bai zauna ba: a 2002 Kotun Duniya ta ce Beljiyam ba ta da ikon fitar da sammaci a kan ministan harkokin wajen Kwango mai ci, a 2012 kuma ta ce kotunan Italiya ba za su saurari ƙarar diyya a kan Jamus kan ta'asar sojojin Nazi ba, komai munin laifin. Wato laifin haramun ne a ko'ina, amma ba kowace kotu ce ke da hurumin zama a kansa ba.

Ita kotun Hague, wadda aka kafa da yarjejeniyar Roma ta 1998 ta fara aiki a Yulin 2002, an gina ta ne da girmama diyauci: ba ta shiga sai idan kotunan ƙasar sun ƙi ko sun kasa. Matsalarta a wani wuri take. Amurka da Rasha da Sin ba mambobinta ba ne, amma suna zaune a Kwamitin da ke iya tura wasu gabanta, kamar yadda aka tura Sudan da Libiya. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi. Shekarunta na farko duk waɗanda ta tuhuma 'yan Afirka ne, ko da yake gwamnatocin Uganda da Kwango da Mali da kansu suka kai mata ƙarar. Da ta waiwayi Afganistan, Amurka ta sanya wa babbar mai gabatar da ƙara, Fatou Bensouda, takunkumi a 2020. Da ta fitar da sammacin Putin a 2023, ƙasashen Yamma suka yi tafi; da ta fitar da na Netanyahu a Nuwamban 2024, wasunsu suka tuna da rigar kariya. Putin ya je Mongoliya, Netanyahu ya je Hungary, duka mambobin kotun a lokacin, babu wanda aka taɓa. Rodrigo Duterte kuwa, da ya sauka daga mulki ya ɓata da gwamnati mai ci, 'yan sandan Filifin da kansu suka sa shi a jirgi zuwa Hague a Maris 2025. Kotun ba ta da ɗan sanda ko ɗaya. Duk wanda aka kama aka kai gabanta, wata ƙasa ce ta kai shi.

Wannan ya dawo da mu ga abin da masu zafin kishin haƙƙin ɗan'adam kan manta. Babu haƙƙin da ke tsayawa ba tare da ƙasa ba. Alƙalin da zai ba da beli, makarantar da yaro zai shiga, ɗan sandan da zai amsa kira da dare, duk na ƙasa ne. Somaliya bayan 1991 ta nuna cewa rushewar hukuma ba ta haifar da 'yanci. Shi ya sa yawancin kotunan yanki ma, irin ta Turai da ke Strasbourg, ba sa karɓar ƙara sai mutum ya gama bin kotunan gida.

Shari'ar da ta fi burge ni a wannan fage ita ce ta Hissène Habré, wanda ya mulki Chadi daga 1982 zuwa 1990. 'Yan sandan asirinsa sun mayar da wani tsohon wurin ninƙaya a N'Djamena kurkukun ƙarƙashin ƙasa, kuma kwamitin binciken da Chadi ta kafa ya ƙiyasta mutum 40,000 aka kashe. Da aka hamɓarar da shi ya gudu Dakar ya zauna cikin rufin asiri. Waɗanda suka tsira suka fara tattara shaida, a 2001 kuma aka tarar da dubban takardun 'yan sandan asirin a zube a ƙasa a tsohon ofishinsu, da sunayen fursunoni da na matattu. Kotunan Senegal suka ce ba su da hurumi. Beljiyam ta nemi a miƙa mata shi, aka ce ba za a kai shugaban Afirka gaban Turawa ba. A 2012 Kotun Duniya ta tuna wa Senegal cewa ta sanya hannu a yarjejeniyar hana azabtarwa, don haka ko ta gurfanar da shi ko ta miƙa shi. Sai Senegal da Tarayyar Afirka suka kafa kotu ta musamman a cikin tsarin shari'ar Senegal, alƙali ɗan Burkina Faso ya shugabance ta. Habré ya ƙi amincewa da kotun, sai da jami'an tsaro suka ɗauko shi cak suka shigo da shi, ya zauna da farin rawani da baƙin tabarau, bai ce uffan ba, matan da aka ci zarafinsu suna ba da shaida a gabansa. Ranar 30 ga Mayun 2016 aka yanke masa ɗaurin rai-da-rai, shekara ashirin da biyar da 'yan watanni bayan faɗuwarsa. Ba a harba harsashi ba, ba a keta iyakar kowa ba.

Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hukuncin a 2017, ta kuma ce a biya mutane sama da 7,000 diyyar sefa biliyan 82, ta hannun wani asusu da aka ɗora wa Tarayyar Afirka kafawa. Har Habré ya mutu a Dakar a Agustan 2021, ko sisi bai fito daga asusun ba.